Darasi: Abin Yi Idan Madannin Agogon Motsa Jiki Ya Ƙi Aiki



Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ƙaramin abu ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wato madannin da ke gefen agogon hannu na zamani, wanda masu gyara ke ce wa botin. Irin wannan agogo mai ƙirga taku da auna bugun zuciya ya shigo gidajenmu sosai. 'Ya'ya na aiko wa iyayensu da shi daga Jamus da Italiya da Amurka da Saudiyya, 'yan kasuwa kuma na kawo shi katan-katan daga ƙasar Sin. Dattijon da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, da shi yake sanin ko ya cika tafiyarsa ta yini.

To amma ranar da madannin nan ya ƙi aiki, agogo ya zama munduwa. Daga nan abu biyu ake yi, kuma duka asara ne. Wani ya jefa shi cikin durowa, yana jin nauyin gaya wa ɗan da ya aiko. Wani kuma ya miƙa wa yaro ya ɓamɓare shi da bakin wuƙa, garin neman gira a rasa ido. Alhali mafi yawan madannan da ake cewa sun mutu, datti ne kawai ya riƙe su. Don haka ƙa'idar darasin nan guda ce: kada a buɗe agogo sai an gano inda ciwon yake.

Inda agogunan suke fitowa

Mu da muke zuwa sarin kaya birnin Guangzhou mun san kasuwar Canaan, wadda ke kan titin Guangyuan ta yamma, a unguwar Sanyuanli, arewa da babbar tashar jirgin ƙasa. Asalinta kasuwar tufafi ce, ta jins da riguna da makamantansu, kuma ta daɗe tana cike da 'yan Afirka masu saye da masu haɗa kago. Ba a ƙera agogo a Canaan. Sai dai wanda ya gama sarin tufafinsa yakan so ya cike gurbin da ya rage a kwantena ko a jaka da ƙananan kaya masu saurin fita, kuma kasuwannin agogo na titin Zhanxi suna nan kusa da tashar jirgin. Daga Sanyuanli zuwa tashar zango ɗaya ne a layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Daga nan zango ɗaya ne a layi na 5 zuwa Xiaobei, inda 'yan uwa daga Nijar da Mali da Gini da Najeriya suka fi sauka. Wanda yake neman kayan laturoni da yawa kuma yakan wuce birnin Shenzhen, kasuwar Huaqiangbei, wadda ita ce cibiyar wannan harka.

Na kawo wannan ne domin a gane cewa agogunan da ke hannunmu iri uku ne, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne:

1. Na manyan kamfanoni, irin su Apple da Samsung da Garmin da Huawei. Suna da tsada, rufinsu na da ƙarfi, kuma buɗe su na da wuya.
2. Matsakaita masu suna, irin su Xiaomi da Amazfit da Oraimo. Shi Oraimo na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix.
3. Marasa suna, waɗanda aka kwaikwayi siffar na manyan. Su ne suka fi yawa a kan teburan 'yan tireda. Suna da sauƙin buɗewa, amma kayan gyaransu ba su da tabbas, domin ƙirar bana ba lalle ta yi daidai da ta baɗi ba ko da kwalin iri ɗaya ne.

Yadda madanni yake daga ciki

Abin da yatsa ke taɓawa hula ce kawai. A ƙarƙashinta akwai siririyar sanda da ta ratsa jikin agogon ta wani ɗan rami. A jikin sandar akwai zoben roba, ɗaya ko biyu, wanda aikinsa shi ne toshe ramin don kada ruwa da ƙura su shiga. A yawancin agoguna akwai ɗan sifirin da ke mayar da hular waje bayan an danna. Daga can ciki kuma akwai wani ɗan maƙalli na ƙarfe mai siffar jinjirin wata, shi ke riƙe sandar don kada ta fice.

Idan aka danna, bakin sandar yana tura wani ɗan faifan ƙarfe mai kama da ƙwarya a kife. Faifan nan yana lotsawa, ya haɗa wuta, sannan ya koma yadda yake. Ƙarar nan “ƙas” da ake ji, tasa ce. Shi kuma yana zaune ne a kan wata siririyar waya mai kama da leda da masu gyara ke kira fileks, ko kuma kai tsaye a kan fanel, wato allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar agogon. Madanni mai juyawa, irin na Apple, yana da ƙarin na'urar da ke karanta juyawar.

Ke nan ciwon madanni a ɗaya daga wurare uku yake: ko a waje, wato datti tsakanin hula da jikin agogo, ko a tsakiya, wato sanda da sifirin da maƙalli, ko a ciki, wato faifan ƙarfe da fileks. Na farko ana maganinsa a gida. Na biyu da na uku aikin mai gyara ne.

A kula kuma, ba kowane madanni ne yake motsi ba. Tun daga Fitbit Charge 3 da ya fito a 2018, akwai agogunan da gefensu ɗan lotsi ne kawai: ana matsawa, agogon ya ɗan girgiza, amma babu abin da ke shiga ciki. An yi haka ne don a rage ƙofofin shigar ruwa. Wasu ƙananan na Xiaomi ma ba su da madanni sam. Kada Baba ya yi ta danna irin waɗannan da ƙarfi yana cewa sun ƙage.

Abubuwan da ke kashe madanni a wurarenmu

Na farko gumi. Idan ya bushe yana barin gishiri a gefen hula, gishirin ya taru ya zama kamar siminti, kuma yana cin ƙarfe.

Na biyu mai. Man kaɗanya da basilin da turare mai maiƙo suna gangarawa daga fata su shige ramin. Su kaɗai ba su cika yin ɓarna nan take ba, amma idan suka haɗu da ƙurar hunturu sai su zama wani baƙin ƙulli mai danƙo. Wannan shi ne ciwon agogunan Kano da Yamai da Tamale daga Disamba zuwa Fabrairu. Turare kuma da sabulu suna sa zoben roba ya saki ko ya bushe ya tsage.

Na uku danshi. Mazauna Nima da Maamobi a Akara, da Zangon Kwatano da na Lome, da Agege a Legas sun san yadda iskar teku ke sa ƙarfe tsatsa. A Guangzhou ma akwai wani lokaci bayan sanyi, wajen watan Maris, da bango da daɓe ke yin gumi saboda tsabar laima. Kayan da suka daɗe a sito a irin wannan yanayi sukan iso da ciwonsu tun daga can.

Na huɗu ruwa. A nan ya kamata mu fahimci rubutun da ke bayan agogo ko a kwalinsa. IP67 na nufin an gwada shi cikin ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30. IP68 na nufin ya fi haka, gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. 5 ATM na nufin yana jure matsin da ya yi daidai da na zurfin mita 50. Amma duk gwajin nan a ruwa mai daɗi ne, wanda ba ya motsi, kuma a kan sabon agogo. Ba a gwada shi da ruwan zafi da sabulu ba, ba a kuma gwada shi bayan shekara biyu a hannu ba. Agogo marar suna kuwa yana iya ɗaukar rubutun ba tare da ya taɓa ganin gwaji ba. Mu da muke wanke hannu zuwa gwiwar hannu sau da yawa a yini, mafi sauƙi shi ne a cire agogo kafin alwala, a goge hannu sannan a mayar. Haka ma kafin wanka da wanki da wanke-wanke.

Na biyar faɗuwa ko buguwa da ƙofa. Hula ce ta fi fitowa waje, ita ke fara karɓar dukan, sandar ta lanƙwashe ko faifan ciki ya lotse gaba ɗaya.

Bincike kafin gyara

A samu wuri mai haske, a cire agogon daga hannu, a kai shi kusa da kunne, a danna a hankali. Sai a duba wanne ne ya faru cikin waɗannan:

1. Madanni ya yi nauyi, ko yana shiga ya ƙi dawowa da sauri, ko mai juyawa yana ƙarar yashi. Wannan datti ne.
2. Yana shiga yana fita lafiya, ana jin “ƙas”, amma agogon bai amsa ba. Wannan ko ƙwaƙwalwar agogon ce ta daskare, ko an kulle madannan ba a sani ba, ko fileks ya saki.
3. Yana shiga laƙwas babu ƙara. Faifan ciki ya lotse ko ya goce daga mazauninsa.
4. Hula tana rawa, ta karkace, ko ta faɗo a hannu. Maƙalli ya karye ko sanda ta lanƙwashe. A adana duk abin da ya faɗo a cikin leda, domin samun irinsa da wuya.
5. Agogo yana kashe kansa yana kunnawa, ko yana buɗe abubuwa ba a taɓa shi ba. Ko dai madannin ya maƙale a danne, ko ruwa ya shiga ciki. Idan aka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, to ruwa ne.

Akwai alama ta shida wadda ba ta madanni ba ce, amma ta fi duka haɗari. Idan gilashin agogo ya ɗago daga mazauninsa, ko bayansa ya kumbura, ko yana yin zafi a hannu, to batir ne ya kumbura. A cire shi daga hannu nan take, kada a sa shi a caji, kada a danna gilashin don ya koma. A ajiye shi a kan siminti nesa da katifa da yara har a kai wa mai gyara.

Mataki na farko: a tabbatar ba ƙwaƙwalwa ba ce

Wannan bai buƙatar kayan aiki. A ɗora agogon a kan cajarsa na tsawon rabin awa. Batir da ya ƙare ƙaf yana sa a zaci madanni ne ya mutu, kuma agoguna da yawa suna kunna kansu da zarar sun ji wuta.

Sannan a tilasta masa ya sake tashi. A agogon Apple, ana danne madannin gefe da mai juyawa tare na aƙalla sakan 10, har tambarin kamfanin ya bayyana. A yawancin na Garmin masu madannai biyar, ana danne na sama ta hagu, wato na haske, kimanin sakan 15 har ya mutu, sannan a kunna. A sauran agoguna, a gwada danne babban madanni na sakan 10 zuwa 20.

A duba kuma ko an kulle shi. Wasu agogunan suna da makullin ruwa da ke hana fuska amsa taɓawa, alamarsa ɗigon ruwa a saman fuska. Wasu suna da makullin madannai. Jikoki kan kunna irin waɗannan suna wasa. Daga ƙarshe a buɗe manhajar agogon a waya, a ga ko akwai sabuntawa da ke jira.

Mataki na biyu: wanki

Nan ne mafi yawan agoguna ke warkewa, don haka a bi shi a tsanake.

Idan agogon na kamfani mai suna ne, mai alamar 5 ATM ko makamancinta, gilashinsa bai tsage ba, kuma ba a taɓa buɗe shi ba:

1. A kashe shi, a cire shi daga caja. Idan igiyarsa ta fata ce a cire ta.
2. A buɗe famfo kaɗan, ko a zuba daga buta a hankali. Ruwan ya zama mai tsabta, mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba.
3. A tara gefen madannin a ƙarƙashin ruwan na sakan 10 zuwa 15, ana dannawa ana saki, mai juyawa kuma ana juya shi gaba da baya. Wannan ita ce hanyar da kamfanin Apple da kansa ya bayar ga madanni mai juyawa da ya maƙale, kuma ya ce kada a sa sabulu.
4. A ɗauki tsohon buroshin goge baki mai laushi, a share kewayen hular.
5. A goge da ƙyalle mai tsabta marar gashi, a girgiza shi madannin na kallon ƙasa, a bar shi ya sha iska a inuwa.

A lura, an ce ruwa mai zuba a hankali, ba a ce a nutsa agogo cikin bokiti ana dannawa ba. Littattafan agogunan Garmin da yawa sun yi gargaɗi a guji danna madanni a ƙarƙashin ruwa, domin lokacin da sanda ke motsi ne zoben roba ya fi rauni.

Idan kuwa agogon marar suna ne, ko ya tsage, ko an taɓa buɗe shi, kada ya ga famfo. A jiƙa bakin buroshi da sifirit irin na masu gyaran waya, ɗigo biyu ya isa, a share kewayen hula ana dannawa. Sifirit yana narkar da maiƙo kuma yana bushewa da sauri. Idan akwai dattin da ya taurare, a cire shi da tsinken sakace na ice ko bakin takarda mai kauri. A maimaita sau biyu ko uku, domin dattin shekara ba ya fita a wanki ɗaya.

Abubuwan da ba a yi: ba a sa allura ko reza, suna yanka zoben roba. Ba a zuba fetur ko kananzir ko man keken ɗinki ko man gyaɗa. Ba a busa shi da na'urar busar da gashi, ba a shanya shi a rana ko kusa da murhu. Ba a binne shi cikin shinkafa, domin ba ta jawo ruwan da ya riga ya shiga, garinta ma ƙara toshe ramin yake yi. Uwa uba, ba a ɗiga sufa gulu don a maƙala hular da ta fita. Yana gangarawa ya kama sandar, daga nan kuma sai dai a canza jikin agogon duka.

Mataki na uku: a duba garanti

Kafin kowa ya sa sukudireba, a tambayi wanda ya aiko da agogon yaushe ya saya kuma ko rasit na nan. Manyan kamfanoni sukan ba da garantin shekara ɗaya, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma doka ta ba mai saye kariya ta shekara biyu a kan kayan da suka zo da aibi. Madannin da ya mutu ba tare da faɗuwa ko shigar ruwa ba yakan shiga cikin wannan, kuma sau da yawa canza agogon ake yi. Amma da zarar wani ya buɗe shi a kasuwa, an rufe wannan ƙofa. Saboda haka, Hajiya, kada ki ji nauyin gaya wa ɗanki. Ɓoyewar ce ke sa wa'adin ya wuce.

Mataki na huɗu: wurin mai gyara

Idan wanki bai yi ba, garanti kuma ya ƙare, sai a nemi mai gyaran waya wanda ya saba da agogo. Ana samunsu a Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Computer Village a Ikeja, da Tip Toe Lane kusa da Circle a Akara, da Adum a Kumasi. A Guangzhou kuma akwai su a kasuwar Dashatou ta kayan laturoni na hannu. Kafin a miƙa agogo, a sa yaro ya raba shi da wayar ta cikin manhaja, don saƙonni da lambobin mutane kada su tafi tare da shi.

Yana da kyau mai agogo ya san abin da za a yi, don kada a caje shi kuɗin aikin da ba a yi ba. Wasu agogunan ana buɗe su ta baya, da ƙananan sukuru masu kan tauraro ko masu baki uku. Wasu kuma, irin na Apple, ta gilashi ake shiga: a ɗumama gam ɗin ya yi laushi, a ɗaga a hankali, domin akwai fileks a ƙarƙashi da ke tsinkewa idan an fizga. Mai gyaran kirki yana fara cire haɗin batir kafin ya taɓa komai, kuma da ɗan tsinken roba yake ɗaga batir, ba da ƙarfe ba.

Daga nan zai danna faifan ciki kai tsaye. Idan ya yi ƙara kuma agogon ya amsa bayan an mayar da batir, to ciwon na sanda ne: zai zare maƙalli da matsefata, ya fitar da sandar, ya wanke ta da ramin, ya canza zoben roba ya shafa masa man silikon, ya mayar. Idan faifan bai amsa ba, sai a canza fileks ɗin duka, ko a cire faifan a like sabo da dalma. Wannan na ƙarshe aiki ne na mai madubin ƙara girma da hannu marar rawa. Sannan a kankare tsohon gam, a sa sabon zoben rufi ko gam irin B-7000, a matse, a bar shi yini da kwana kafin a ɗaura.

Tambayoyi huɗu za a yi masa tun kafin ya fara: Ka taɓa buɗe irin wannan? Kana da kayan canjin a hannu ko sai ka nemo? Idan gilashi ya fashe garin buɗewa, wa zai biya? Nawa ne duka? Idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo, musamman a agogo marar suna, a yi shawara tukuna.

A riƙe wannan kuma: agogon da aka buɗe, a ɗauka ya daina jure ruwa, ko da mai gyara ya rantse, sai fa idan yana da injin gwada matsi kuma ya gwada a gabanka.

Dalilin da ya sa muke hana yara buɗewa a gida shi ne batir. Na litiyom ne, idan aka huda shi ko aka lanƙwasa shi yana iya kamawa da wuta. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi ƙuna. A watan Maris na 2022 kamfanin Fitbit ya janye agogonsa mai suna Ionic, kimanin miliyan 1.7 a duniya, saboda batirinsa na iya yin zafi ya ƙona fata. Wannan agogo ne da ba wanda ya buɗe shi, ina ga wanda aka zungura da wuƙa?

Idan gyara bai yiwu ba

Agogo mai fuskar taɓawa yana iya ci gaba da ƙirga taku ba madanni. A kunna tsarin da ke haska fuska idan an ɗaga hannu, a riƙa shafa fuskar don komawa baya, kuma kada a bari caji ya ƙare. Agogon Apple tun daga 2021 yana da wani tsari mai suna AssistiveTouch, wanda aka yi domin masu lalurar hannu, yana ba da damar sarrafa agogo ta hanyar dunƙule hannu da haɗa yatsu.

Amma a san abin da aka rasa. A agogon Apple, danne madannin gefe shi ne hanyar kiran gaggawa, kuma wasu kamfanonin ma sun ɗora wannan aiki a kan madanninsu. Dattijon da ke kwana shi kaɗai, idan madanninsa ya mutu, kada iyali su zauna da tunanin yana da abin kira. A ajiye masa waya kusa da shimfiɗa. Lambar gaggawa a Najeriya da Gana 112 ce, a ƙasar Sin kuma 120 ce ta motar asibiti.

Tunda maganar lafiya ta shigo, ga tunatarwa ɗaya: a watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga ya riƙe na'urarsa ta asibiti, kada ya rage ko ya ƙara magani saboda lambar da agogo ya nuna.

Wanda ya mutu murus, kada a jefa shi a bola ko a wuta. A ba mai gyara, zai ciri gilashi da madanni da caja ya raya wani da su.

Nasiha ga 'yan uwa masu sari

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya gama da Canaan ya gangara Zhanxi don agogo, ya ware wa abin yini guda. Kada a tsaya ga samfurin da ke kan kanta. A sa a buɗe katan, a zaro daga sama da tsakiya da ƙasa, a danna kowane madanni sau 20 ko 30. Ƙarar ta zama iri ɗaya, hular ba ta rawa, mai juyawa kuma ya motsa abin da ke fuska, domin a wasu kwaikwayon ado ne kawai. A rubuta a rasit yadda za a yi da waɗanda suka zo da aibi. A nemi ƙarin caja da igiya, kuma a ware 'yan guda daga kowane iri don su zama kayan gyara a gida, tunda wata shida masu zuwa mai yiwuwa ƙirar ta canza.

Kalmomi uku na Sinanci suna taimakawa: “anjiyan” madanni ne, “hwai la” ya lalace, “shiyu” kuma gyara. A gaya wa mai kago gaskiya cewa kayan na da batir, domin dokar ɗaukarsu a jirgin sama daban take, kuma batir da ba a cikin na'ura yake ba a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba. Idan kaya sun iso, a ajiye su wuri busasshe, waɗanda suka daɗe kuma a riƙa ba su ɗan caji bayan 'yan watanni. Sannan a faɗa wa mai saye matsayin abin da yake saya. Wanda ka ce masa kada ya sa a ruwa zai dawo maka gobe, wanda ka ce masa ya yi iyo da shi kuwa da rigima zai dawo.

Bita

Matasan gida su karanta wa iyaye waɗannan, a amsa tare:

1. Wurare uku da ciwon madanni yake zama su ne wanne da wanne?
2. Wane agogo ake wankewa da ruwa, wanne kuma sai da sifirit?
3. Me za a yi idan gilashi ya ɗago?
4. Me ya sa ake tambayar rasit kafin a je wurin mai gyara?

Aikin wannan mako: kowane gida ya tattaro agogunan da ke kwance a durowa, a yi musu mataki na farko da na biyu. Waɗanda suke da lafiya kuma a riƙa share gefen madanninsu da ƙyalle mai ɗan laima sau ɗaya a mako, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu, ya kai matafiya gida lafiya.